Ruwan da Baba Yake Wanke Allo da Shi

Shekarar da ɗiyata ta fara tafiya, famfon tsakar gidanmu na unguwar Adjamé ya koyi wani mugun hali. Sai ya ɗauke kwana biyu, in ya tashi dawowa ya yi ta tari yana feso iska, sannan ya kawo ruwa jaja-jaja kamar an jiƙa jar kanwa. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, famfo ɗaya. Matan gidan duk sun san ruwan farko ba na sha ba ne, a kwata ake barinsa ya zube sai ya washe.

Ni ce nake ji da kaina a gidan, tunda na yi lakwal, wato boko, kuma ina aiki a wani ofishin masu fitar da kaya kusa da tashar jiragen ruwa ta Treichville. Mijina direban babbar mota ne, yana kan hanya kullum, don haka ina zaune wajen iyayena, Inna take riƙe mini yarinyar da rana.

Wata goma sha huɗu gare ta lokacin da zawo ya kama ta. Likita ya ce kada ta sha ruwan da bai tafasa ba. Na sayi sabuwar tukunya da fulas, ni nake tafasawa da hannuna kafin in fita. Zawon ya lafa, ya dawo, ya lafa, ya sake dawowa. Wuyanta ya zama siriri, ƙafafun da suka fara takawa suka daina ɗaukarta. A zuwa na uku likitan ya ajiye biro ya dube ni.

"Madam, yarinyar nan tana shan wani ruwa. In ba ku gano shi ba, ba na jin za ta jure wani karon."

Na fassara wa Inna da Hausa. Ta dafa ƙirji ta ce wallahi ban da na fulas ko ɗigo ba ya shiga bakinta. Inna kuwa ba ta ƙarya, shi ya sa kaina ya ɗaure. Na koma gida na sauke fushina a kan maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Jula mai sayar da zoɓo, na ce ita ke ɗura mata a ɓoye. Baiwar Allah ta yi kuka. Har yau in na tuna ina jin kunya.

Kullum da sassafe nake fita don in sami mota a tashar Indénié kafin cunkoso. Wata Talata na isa bakin titi na ga na manta katin shiga wurin aiki, na juyo a fusace. Ina ɗaga labule na tarar da Inna da yarinyar a cinya, tana ba ta wani baƙin abu a ƙaramin kofi.

"Inna, mene ne wannan?"

"Rubutu ne. Malam yake yi mata kowace safiya tun da ta fara ciwon."

"Kin ce wa likita ba ta shan wani ruwa!"

Ta dube ni da mamaki na gaske. "To rubutu ruwa ne?"

Na karɓe kofin daga hannunta. Baba malamin allo ne, kuma shi ne farkon mai taɓa famfo a gidan, domin kafin asuba yake cika butarsa, mata ba su tashi ba balle a zubar da ruwan farko. Da butar nan yake wanke allo. Ruwa ko ja ne ko fari, in ya bi ta kan tawada baƙi yake fitowa.

Ban taɓa musu da Baba ba. Mutum ne da manyan 'yan kasuwa suke cire takalmi tun daga ƙofarsa. Na durƙusa a bakin ɗakinsa, yana fiƙe alƙalami, na faɗa masa abin da likita ya ce.

Bai ɗago ba. "Wato ayar Allah ce take sa jikata zawo."

"A'a, Baba. Ruwan ne."

"Da ruwan famfon nan na yi miki rubutu kina jaririya, ga ki nan da bakinki. Faransanci ya cika miki kai."

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Na miƙe ba tare da ya sallame ni ba, na ɗauko farin kwanon sha, na ɗauki butarsa daga gefen buzunsa na juye a ciki, na ajiye a gabansa. Daidai nan Inna ta kira sunana daga ɗaki. Yarinyar ta yi amai, idanunta sun faɗa, kuka ma ba ta iya yi. Na saɓa ta na fita, Inna tana bina da mayafi da fulas a hannu.

A kan gadar da ake tsallakawa zuwa asibiti motoci suka tsaya cik. Na sa yatsa a hancinta ina jin numfashin, ina zagin direban tasi wanda bai yi mini komai ba. A asibiti suka nemi jijiya a hannu biyu suka rasa, sai a ƙafa suka samu suka sa mata ƙarin ruwa. Likita ya ce sai jikin ya karɓa zai iya cewa wani abu.

Bayan la'asar na ji takun da na sani. Baba ne, wanda ya yi shekaru bai tsallaka gada ba, kuma ba ya son warin asibiti. Yana rungume da wani abu a cikin babbar riga. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙafar da aka soka wa allura, sannan ya fito da allo. Rubutun yana jiki, a bushe, ba a wanke ba.

"Ba ni ruwanki," ya ce.

Na miƙa masa fulas da kofi. Ya tsuguna ya wanke allon a hankali a cikin kofin. Da ya gama bai nufi bakin yarinyar ba, ni ya miƙa wa.

"Tambayi likitan. In ya ce a ba ta, ki ba ta. In ya ce a'a, ki shafa mata a kai."

Yarinyar ta tashi, bayan kwana huɗu aka sallame mu, yanzu ita take yi mini tsiya kan Hausata. Amma a ranar ba mu san haka ba. Ina riƙe da kofin, Baba yana tsugune bai miƙe ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji.

"Na ga abin da ya kwanta a gindin kwanon. Kwana ashirin ina aika mata shi da bismillah."