Wanda Ya Zauna Kusa da Ni a Gona

Ƙarar na fara ji kafin zafin. Daga ƙarƙashin tarin karan dawan da na sunkuya zan ɗauka ta fito, kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai. Na san ba ɓera ba ne, amma hannuna ya riga ya shiga. Da na fizgo shi sai na ga ɗigo biyu na jini a gindin babban yatsana, ga kuma kububuwa ta naɗe tana goga jikinta.

Hutun makaranta ne ya kawo ni gida, ina aji huɗu a sakandare. A gonarmu ta bayan ƙauyenmu Ƙetare muke da hantsi, ni da Baba da Kaka, mahaifiyarsa. Na buɗe baki zan faɗi abin da ya sare ni, Kaka ta daka mini tsawa daga inda take roron wake: "Kul kika kira sunanta! Igiya ce ta taɓa ki." A wajenmu ba a ambatar maciji a gaban wanda ya sara, wai dafin ƙara gudu yake idan ya ji an kira shi. Baba ya kashe ta da sanda, ya ruga bakin hanya neman mota. Kaka ta faɗa jeji neman wata saiwa. Suka bar ni zaune a kan kunya ni kaɗai.

Abin da ya faru a wannan ɗan zama shi ne har yau nake juyawa. Da farko jikina ɓari yake, haƙorana na haɗuwa. Na san mutum biyu a ƙauyenmu da kububuwa ta kashe, kuma na san yadda suka tafi: jini ta baki, jini ta hanci. Ban yi addu'a ba, ko fatiha ba ta zo mini ba. Sai kawai na ji wani ya zauna a haguna. Ban ga kowa ba, ban ji murya ba. Amma kamar yadda mutum kan san an shigo ɗaki ko da ya ba ƙofa baya, haka na san akwai shi. Kuma ya san ni, tun daga sunan da ake kirana a gida har abubuwan da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ɓarin ya tsaya. Hannun na ci kamar an tusa shi a murhu, amma tsoron ya kwanta. Ina jin kukan kurciya, ina kallon tururuwa na jan ƙwayar dawa, har Baba ya dawo, Kaka ma ta iso da saiwarta.

Lokacin kuɗi ya shigo ƙasa, kowane ɗan kasuwa da sabuwar a-kori-kura. Wani mai hatsi daga Sabuwa, da zai ci kasuwar Ƙanƙara, shi ya ɗauke mu a kan buhunan masara. Wata doka kuma ita ce ba a barin wanda igiya ta taɓa ya yi barci, don haka Kaka ta tasa ni gaba da mintsini. "Yi magana, 'yar boko. Ina surutun naki? Karanto mana Turancin." Rashin abin faɗa ya sa na ba su labarin wanda ya zauna kusa da ni.

Kaka ta tafa hannu. Ita ba ta bar tsafin gidanmu ba, duk shekara sai ta yanka kaza a gindin tsamiyar gona kafin shuka. "Uwar Gona ce! Wa kike zato? Kajina ba su tahi a banza ba."

Baba kuwa ya musulunta tun kafin a haife ni, ni ma a haka na tashi. Ya ce, "Haba Inna. Allah ne Ya saukar mata da natsuwa."

"Allah na sama, shi da Ya yi mu duka. Wa ya musa? Amma gonar nan da mai ita."

"To ina mai ita take, Inna, lokacin da igiyar ta shiga kara?"

"Kai kuma ina naka tsaron yake? Ba da bismilla kuka shiga gonar ba?"

Har dariya ta so kama ni. Sai na ɗanɗana gishiri a bakina, na tofa, na ga ja.

Ni kuma ga nawa bayanin na uku, wanda na kasa faɗa musu. Malamarmu ta kimiyya ta taɓa ce mana idan firgita ta kai maƙura, jiki kan saki wani abu a jini da ke kwantar da mutum. Na yarda da ita a aji, na rubuta a jarrabawa na ci. To amma wannan abin da jiki ke saki, ina ya san sunana?

A asibiti wani malamin jinya mai furfura ya ɗebi jinina ya zuba a 'yar kwalba mai tsabta, ya ajiye a taga, ya ce kada wanda ya taɓa. Jinin mai lafiya daskarewa yake, in ji shi. Bayan ɗan lokaci ya karkata kwalbar, nawa ya gangaro kamar zoɓo. Ya yi mini allurar maganin dafi a jijiya, ya ce da yamma za a sake gwadawa.

Yana gyara mini ɗauri na tambaye shi ko wasu sun taɓa ba shi irin labarina. Ya ce da yawa. Wani ya ce Yesu ya gani, wata ta ce uwarta da ta rasu, wasu kuwa ba abin da suka ji sai azaba.

"Waɗanda suka ji ɗin, Malam, duk sun tashi?"

Ya ce, "Ba duka ba, ɗiyata. Ni dai jini nake dubawa."

Wunin nan kwalbar da ke taga nake kallo. Ga hujja mai sauƙi: Kaka ta gani, Baba ya gani, ba wanda ya yi gardama. Abin da na ji a gona kuwa ba kwalbar da zan zuba shi a karkata. Duk wanda na ba labarin, sunan da ya zo da shi daga gida yake liƙa masa. Da wata ƙawata ce ta faɗa mini, da na ce firgita ce. Amma ba wata ba ce, ni ce, kuma na fi tabbata da zaman nan fiye da gadon da nake kwance a kai. Na tambayi kaina: idan jinin ya ƙi daskarewa da yamma, ya zama ƙarya ke nan? Sai na tuna bai yi mini alkawarin komai ba. Bai ce zan rayu ba. Zama kawai ya yi. Wannan ya ƙara ba ni tsoro, ya kuma sa na kasa jefar da shi. Har yanzu da nake rubutun nan, in na ji an jefa albasa a mai sai gabana ya faɗi, kuma in ina sallah nakan tsinci kaina ina sauraren haguna.

Gab da magariba malamin ya sake ɗibar jinin. Baba yana bakin ƙofa da carbi. Kaka ta sa saiwarta a ƙarƙashin matashina, tana zato ban gani ba. Muka zuba wa taga ido mu uku. Da malamin ya dawo, ya ɗaga kwalbar saitin haske, ya karkata ta, ya ƙara karkatawa, har ya kife ta baki ƙasa. Jinin ya tsaya cak, kamar kindirmo.

"Kin tsira," ya ce. "Yanzu sai ki yi barcinki."

Baba ya ce alhamdu lillahi. Kaka ta ce madalla da mai gona. Ni na juya na dubi gefen gadon ta hagu. Ba kowa sai bango, amma sai da na ɗan matsa.