Wa Ya Shaida Auren Mahaifiyata?

Shekarun baya, lokacin da yaƙin Laberiya ya yi tsanani, ni da mahaifiyata muka iso Kano da ƙullin kaya ɗaya. A Laberiya aka haife ni, a wani ƙaramin gari na bakin teku. Mahaifina mutumin unguwar Mandawari ne a Kano, fataucin goro ya kai shi tun yana saurayi, ya yi aure, ya zauna. Mahaifiyata 'yar garin ce, Musulma gaba da baya, kuma mahaifinta ne mai garin.

A wajensu gwamnati kan turo kwamishina daga babban birni, amma rabon ƙasa da sasanta mutane na hannun mai gari da dattawansa. Duk ƙabilar da ke zaune a garin tana da kujera a zaman dattawa, mahaifina kuma shi ke riƙe da ta Hausawa. In masunta suka saɓa da fatake, shi ake kira. Da yaƙi ya zo, sanin da aka yi masa ne ya ja masa. 'Yan bindiga suka tsare shi a shingen hanya, ko gawarsa ba mu gani ba.

Jirgin ruwa ya kawo mu Legas, mota ta ƙaraso da mu Kano. Na zama saurayi a lokacin, amma Hausata duk a karkace take. Har na taɓa tambayar wani ta ina ake bi a je bakin ruwa, ya raka ni kududdufi yana ƙunshe dariya.

Baffana, yayan mahaifina, ya karɓe mu da hawaye. Amma da aka gama zaman makoki aka fara maganar kason mahaifina a gidan gado, sai fuska ta canja. Magana ta kai mu gaban mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ni ban ce komai ba," in ji Baffa. "Tambaya kawai nake yi. Wa ya shaida auren nan? Mu dai ba mu ga goro ba."

Sai da maganar ta zauna a kaina na gane ni ake tuhuma, ba gidan ba. Na yunƙura zan yi magana, mahaifiyata ta dafa gwiwata. Da Hausarta ta koyo ta ce, "Ranka ya daɗe, ranar da ƙanin Alhaji ya sauka garinmu ba wanda ya tambaye shi ubansa. Mahaifina ya ba shi fili, ya ba shi kujera, ya ba shi ni. Shaidu kuwa liman ne da dattawan gari. Wasu suna ƙarƙashin ƙasa, wasu suna daji. In Alhaji na son ganinsu, ga hanya nan."

Mai unguwa ya daɗe yana kallona. Tare suka yi wasan ƙasa da mahaifina, kuma kowa a wurin yana ganin fuskar wanda na ɗauko. Amma Baffa ne maƙwabcinsa, mu kuwa baƙi.

"Malama, ki yi haƙuri," ya ce. "A bari ƙura ta lafa a can, a nemo shaidu."

Daga nan ba ta sake taka gidan gadon ba, ni ta aika na ɗauko ƙullinmu. Muka kama ɗaki a unguwar Sheshe. Tana suyar kifi a ƙofar gida, ni ina dako a kasuwa. Ba ta taɓa zagin Baffa a gabana ba. Abin da kawai takan ce shi ne kifin nan na Kano ba ya ƙamshin gishiri.

Ta rasu yaƙi bai ƙare ba. Ranar jana'izarta Baffa ya zo da babbar riga, ya tsaya a sahun gaba. Bayan an dawo daga maƙabarta, shi ya zauna kan tabarma mutane na ce masa, "Alhaji, ya ƙarin haƙuri?" Yana amsawa.

Da zaman lafiya ya dawo na je garin mahaifiyata. Rabinsa kufai ne. Na tarar da tsohon da ya karɓi sadakinta da hannunsa, ga makanta ta kama shi. Da na ba shi labari ya ce in kai shi Kano ya faɗa da bakinsa. Na ce ya bari, wadda za ta ji daɗin shaidar ba ta nan.

Ban ce na koyi wani babban darasi ba. Na dai gane cewa akwai hukuncin da ake yankewa da kalmar "a jira", kuma shi ya fi ciwo, don ba ka da wanda za ka kama. Baffa ya tsufa yanzu, a gaban mutane "ɗan ƙanina" yake ce min. Ina durƙusawa in gaishe shi duk sallah. Amma takalmina bai taɓa wuce zaurensa ba.