Malam Idi Rewaya da Hancin Motar Alhaji

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo min cewa Malam Idi Rewaya na Gaya ya rasu. Kun san halina, ban yarda ba sai da na ji daga bakin ɗansa.

Shi ya wanke ni ranar da aka kusa kira na ɓarawo.

A shekarun saba'in ina direban wani Alhaji mai fataucin gyaɗa a Ajingi. Ya sayo dalleliyar mota mai AC, irin mai daidaita sanyinta da kanta. Ba a jima ba ta birkice, yau ta daskarar da mu, gobe mu jiƙe sharkaf da gumi.

Alhaji ya fara kallona ta wutsiyar ido. Ya karɓe makulli, wai ya ji direbobi na cire kayan mota su maye da jabu. Ni kuma ƙaninsa nake zargi, don ya daɗe yana kwaɗayin sitiyarin nan. Malam Idin ma, mai gyaran wayoyin mota da aka kai wa motar, na ɗauka bakinsu ɗaya da ƙanin.

Ko bonet bai buɗe ba. Ya shiga ya kunna AC, ya kara 'yar takarda a wasu ƙananan huji da ke jikin dashbod. Ya ce nan ne hancin motar, sensa, ta nan take shaƙar iska ta san zafin ciki, kuma in lafiya yake zai riƙe takardar. Takarda ta faɗi. Ya sa tsinke ya zaƙulo auduga cunkus.

Ƙamshin turaren Alhaji take yi. Kowa a wurin ya ji.

Malam Idi ya jefa ta aljihu ya ce, "Alhaji, ba abin da aka cire. Mayar masa da makullinsa."

Tun daga ranar ban taɓa barin garejinsa ban sha fura ba.

Watan jiya na gan shi bayan Juma'a, ya rame. Na sake tsare shi: Alhaji ne ya cusa don mota ta yi ƙamshi, ko ƙaninsa ne don a kore ni? Ya yi dariya.

"Sule, ni auduga na gani, ban ga hannu ba."

Ni har gobe ina da wanda nake zargi. Shi kuwa ya tafi bai ɗora wa kowa ba, kuma wallahi zuciyata ta karye.

Allah ya jiƙansa, ya rufa masa asiri yadda ya rufa namu. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.