Gwangwanaye Suna Kuka, Gero Yana Ƙarewa

Muna yara a Panshekara, babanmu yana aikin masaƙa a Sharada, kuma duk satin da ya faɗa aikin yamma, mulkin gida sai ya koma hannun mahaifiyarsa, Kaka Tabawa. Daga wani ƙauyen Jigawa aka ɗauko ta, har ta rasu ba ta yafe wa birni ba. Ana sauke tukunyar tuwo za ta jawo kujerarta bakin murhu, ta tura gyaɗa cikin toka, mu bakwai mu kewaye ta. Sai ta ce, "To, ga ta tafe. Mai ƙaiƙayin baki ya sosa tun yanzu."

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ita ce ta Tanko. Gero ya nuna, tsuntsaye sun taso, uban Tanko ya ɗora shi kan rumfa a tsakiyar gona, ya damƙa masa igiya mai gwangwanaye: tsuntsu na sauka, ka ja, ka yi ihu. Kwana biyu sai ga aljani da kamar tsoho, ya tona gurabun dara a gindin rumfar. Tanko ya sauko. Ya ɗaure igiyar a babban yatsan ƙafarsa, yana dara yana kaɗa ƙafa. Aljanin kuwa kullum sai ya bar shi ya yi nasara da ƙyar, don ya ce a sake.

Uban yana gida yana jiyo ƙarar gwangwani daga safe har yamma, yana cika wa mutane baki. Tsuntsaye kuwa sun saba, in ji Kaka har rawa suke takawa. Ranar girbi aka tarar da kara a tsaye, zangarniya ba ƙwaya ɗaya.

Muka ce, "Kaka, an zane Tanko?"

Ta ce, "Ku ba ku san komai ba sai duka. Ku tambaye ni uban mana, ƙafarsa ciwo take yi?"

Dariya kawai muka yi, muka ci gyaɗarmu.

Yau ni ne a kamfanin fata a Challawa, na daɗe a ciki har ƙudajen layin suna gaishe ni da suna. Burina ɗaya ne: ɗana Mubarak, da ke ajin ƙarshe na sakandare, ya ci jarrabawar fita, kada hancinsa ya gaji wannan warin. Ya ce ana turo tsofaffin tambayoyi ta waya, na sai masa waya. Duk lokacin da na dawo sai in gan shi a duƙe, yatsu na rawa a kan wayar, goshi a tamke. Na hana uwarsa aiken sa ko sayen gishiri. A wurin aiki kuwa har abokai suka fara kira na Baban Likita.

Sai sakamakon jarrabawar gwaji ya fito. Wallahi jan biron da ke takardar nan zai rina fata goma. Malaminsu, Mista Bulus, ya ce, "Malam Sani, yaronku yana da ƙwaƙwalwa, amma barci yake zuwa yi mana. Kun taɓa duba wayar?"

Ban taɓa ba. Da na duba, sojoji na gani suna ta harbin juna.

Na ce, "Mubarak, wannan wane darasi ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ni ne kwamandan ƙungiyarmu. In na yi kwana ɗaya ban shiga ba, matsayina zai sauka."

Kwamanda! Yaron da ko safarsa bai iya wankewa ba! Raina ya ɓaci da waɗanda suka zauna, manya da gemunsu, suka tsara abin da zai riƙa ba yaro lambar yabo ta ƙarya suna ƙwace masa shekararsa. Amma da na huce, sai tambayar Kaka ta same ni. Taku huɗu ne tsakanin tabarmata da kafaɗar yaron nan, wata takwas ban yi su ba, saboda abin da nake hangowa daga nesa ya yi mini daɗi.

Na roƙa a ɗauke ni daga aikin yamma a mayar da ni na safe. Wayar tana akwatina a kamfani. Bayan la'asar muna zama ni da shi da littafin lissafi, yana aiki ina zare ido kamar na gane. Saura wata huɗu a yi jarrabawar.

Jiya ya ce, "Baba, yanzu ƙila sun cire ni daga kwamanda."

Na ce, "Allah ya sanya alheri. Karanto mini lamba ta shida."