Ranar da jikata ta gaishe ni sau uku

Shekarun baya, a shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, ina zaune a gidanmu na gado a Madabo. Lokacin na gama yawon duniya na dawo na ajiye jaka. Na yi aikin tafinta a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, na yi fatauci a Kumasi, na zauna a Njamena. Ina jin Larabci da Faransanci da ɗan Turanci, ga Fulatancin da na tsotsa a wajen mahaifiyata. Ba don alfahari na lissafa ba, sai don ku ga yadda mai harsuna biyar ya kasa gane abin da yarinya 'yar shekara bakwai take gaya masa.

Jikata ce, 'yar farin babban ɗana. Kun san wasan jika da kaka a wajenmu, to ita ta kai shi maƙura. Ba ta taɓa gaishe ni kamar mutum ba. Kullum da safe za ta faɗo zaure a guje, ta fizge hulata ta kifa a kanta, ta ce, "Tsoho, ni fa na fasa aurenka, ba ka da haƙori." Ni kuma in ce, "Amarya mai ƙiwuya, in ban da ni wa zai kwashe ki?" A duk ƙasashen da na zauna ban ga inda yaro ke yi wa dattijo haka a bar shi da kunnuwansa ba, sai a nan.

Wata ranar Talata da yamma ina masallaci, ta hau matakalar soro tana bin tantabarun maƙwabta. Ƙafarta ta zame ta faɗo, ƙeyarta ta bugi bakin turmi. Da na dawo aka ce ta ɗan yi ɗif, sannan ta fasa kuka ta tashi da ƙafarta. Maiɗakina ta shafa mata man zafi a ƙulun da ya fito, ta ce, "Alhaji, tunda babu jini ai da sauƙi." Na ce haka ne. Ubanta yana Legas a lokacin, ba mu ga dalilin tayar masa da hankali ba.

Washegari ina zaure tare da abokina, wani maɗinkin hula da muka taso tare, muna shan shayi, rediyo na ta maganar sabuwar gwamnati. Sai ga ta ta shigo a hankali. Ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Ina kwana, Alhaji."

Abokina ya ajiye kofi ya ce, "Ikon Allah! Ashe faɗuwa na sa hankali. Don Allah ara mini soron nan in kawo nawa jikokin su hau."

Muka yi dariya har da ƙwalla. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Har na gyara zama na amsa mata irin ta manya, na sa mata albarka.

Shayin bai huce ba ta sake shigowa. Ta cire takalmin a daidai inda ta cire ɗazu, ta durƙusa, ta ce, "Ina kwana, Alhaji." Murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Abokina ya ce, "Ke, ai kin gaishe shi." Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa, ta juya ta koma cikin gida. Ya so ya sake dariya, ba ta fito ba. Can ya ce yana da ɗinki, ya tashi.

Na uku bayan azahar ne, ni kaɗai. Rana ta take, unguwa ta yi tsit, ko kaza ba ta motsi. Na ji ƙarar takalmi ana cirewa, na san ita ce tun kafin in ɗaga kai.

"Ina kwana, Alhaji."

Na cire hulata da kaina na ajiye kusa da hannunta. Ta kalle ta kamar ba ta san amfaninta ba. Na ce, "Amarya, yau babu faɗa?" Ba ni take kallo ba, bangon da ke bayan kafaɗata take kallo. Sai ta ce, "Alhaji, a kashe fitilar nan." Babu wata fitila a zauren. Hasken rana ne yake shigowa ta ƙofa.

Fuskar tata ce, kitson nata ne, har da wushiryar, amma na rantse a lokacin ji na yi wata baƙuwa ce aka aiko a cikin jikin jikata.

Maiɗakina ma haka ta ji. Ta ce faɗuwar gab da magariba ce, wa ya san kan wa ta faɗa, ta hau haɗa turare. Ban yi mata musu ba, ni da kaina na dafa kan yarinyar ina tofi. Ina cikin karatun ne wani mutum ya faɗo mini a rai, wanda na shekara talatin ban tuna da shi ba. Wani ɗan dako ne a Bur Sudan da ƙarfe ya buga a ka. Shi ma babu jini. Ya tashi ya kakkaɓe riga, har ya ci abinci da mu. Amma duk bayan ɗan lokaci sai ya tambaye ni, "Jirgin ya iso?" alhali a kan jirgin muke tsaye. Muna ta yi masa dariya. Kafin la'asar ya kwanta a inuwa, bai sake tashi ba.

Na ɗaga kai sai na hangi igiyar shanya. Ƙananan riguna uku, duk nata, suna ɗigar ruwa, kuma ba ranar wanki ba ce. Uwarta, surukata, tana gefen rijiya ta ba mu baya. Na ce, "Ta yi amai ne?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, wanki ne kawai."

Ban ƙara tambaya ba. Na ce ta ɗauko mayafi, na saɓa yarinyar a kafaɗa, muka fita bakin titi muka tari tasi.

Likitar da muka samu matashiya ce, ba ta kai ɗana shekaru ba. Ta haska wa yarinyar ƙaramar tocila a ido ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta bi yatsanta da kallo. Ta sa ta tafiya a kan layin siminti, dunduniya na taɓa yatsu, sai ga ta tana tangaɗi. Ta gaya mata abu uku, akuya, tulu, lemo, ta ce ta riƙe. Bayan ɗan jim ta tambaye ta, ko ɗaya ba ta kawo ba. Ni kuma don in nuna na ga duniya na ce, "A Sudan tambayar mutum ake wa ke mulkin ƙasa." Ta yi murmushi ta ce, "Baba, a wannan makon ko ni sai na yi tunani. Yaro ba da wannan ake auna shi ba, da halinsa na jiya ake auna shi. Yaya take kafin ta faɗi?"

Na ce, "Ba ta da kunya ko ta ƙwayar zarra."

"Yanzu fa?"

Na buɗe baki zan ce ta yi hankali, sai na kasa.

Ta juya wajen uwar. "Malama, ta suma? Sau nawa ta yi amai?" Shiru. Ta sake tambaya, shiru, sai hawaye. A nan ne na gane. 'Yar fari ce. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta nuna damuwa da ita, balle a gaban suruki. Ni ne na toshe bakinta tun jiya. Na tashi na ce zan nemo ruwa, na fita na tsaya a bayan ƙofa.

Ƙofar ba ta gama rufuwa ba maganar ta ɓalle kamar an fasa madatsa. Amai sau uku. Ta riƙe kai tana cewa yana sara. Ta yi karo da ƙyaure sau biyu. Ta tambayi waye ya yi mata ƙulu. Kuma a cikin maganar na ji surukata ta ambaci sunan 'yarta, karo na farko a kunnena cikin shekara bakwai.

Aka ɗauki hoton kanta, aka kwantar da ita kwana biyu ana dubawa. Allah ya taimake mu jini bai taru a ciki ba. Likitar ta ce ƙwaƙwalwar ce ta girgiza, amma da jini ne, wunin da muka ɓata muna yabon ladabinta zai iya zama shi ke nan. Ta ce babu makaranta, babu guje-guje, babu hawan komai, kuma in amai ya dawo ko barci ya yi mata nauyi mu juyo nan take. Ta raka mu da cewa, "Baba, ranar da ta yi maka rashin kunya ka zo ka ba ni albishir."

Kwana goma sha ɗaya na yi ina karɓar gaisuwa mai kyau, sau ɗaya kowace safiya, ban taɓa ƙin jinin ladabi irin na kwanakin nan ba. A na sha biyu ina jan carbi sai na ji iska a tsakiyar kaina, hula ta tafi.

"Tsoho, wai kuka ka yi a asibiti? Kaico, miji ragon maza!"

Abokina yana wurin. Ya miƙo mini hankicinsa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ciwon ka ba sai da jini ba. Kuma yaron da ya bugu, ba a tambayar ko ya natsu, ana tambayar ko shi ne. Wanda ya fi kowa sanin amsar sau da yawa shi ne wanda kunya ta hana magana, don haka babba ya san lokacin da zai tashi ya ba da wuri.

Yau tana da 'ya'yanta uku, kuma har yanzu in ta bugo waya da "tsoho" take farawa. Ni kuwa har gobe, in yaro ya durƙusa ya gaishe ni da ladabin da ya wuce kima, ina sa masa albarka, amma hannuna yana ƙeyarsa yana lalube.