Murfin Samirar Hajiya Lami

Ƙwal! Ƙarar murfin samira ce ta fara komai. Ina zaune a ɗakin maƙwabciyarmu Hajiya Lami a Faskari, ta jefa 'yan kunnen gwal da ta gada a samirar da za a kai wa ɗiyarta, ta rufe. Kunnena ya riƙe ƙarar nan.

Lokacin ina matar aure, na yi sakandare, ba na wasa da salla. Allah ya ba ni ido, duk amaryar da za a kai ni ake kira jere. Ɗakin da ake hana kowa shiga, ni ake miƙa wa mabuɗinsa. Ranar jeren ɗiyar Hajiya na buɗe samirar, na ɗauke 'yan kunnen, na ce wa zuciyata aro ne. Daga nan sai turmin atamfa a Mairuwa, sai zobe a Ƙanƙara. A Damari sarƙar amarya ta faɗo daga haɓar zanena gaban dangin ango. Alƙali ya tura ni gidan yari.

Can wata Malama take zuwa koya mana wasan kwaikwayo. Ta ce kowa ta nuna abin da ya kawo ta. Na ba da labarin samirar Hajiya, na miƙe zan fito a ɓarauniya, Malama ta yi dariya. "A'a, wannan kin riga kin ƙware. Yau ke ce Hajiya."

Aka ba ni kwano da murfi. Na buɗe, wayam.

"To Hajiya, wa kike zargi?"

Na bi fuskokin matan da kallo, kowacce sai na ga ita ce. Ashe haka na bar baiwar Allah, tana kallon ƙannenta da surukanta! Na durƙushe ina kuka, murfin a hannuna.

Da na fito, gidanta na fara zuwa. Ta ce, "Na yahe miki don Allah, amma ɗakina kin gama shiga." Ban ga laifinta ba.

Sai na fara wasan nan a tsakar gidana, mata da 'yanmata bayan Islamiyya. Duk 'yar kallon da ta ga an kauce hanya a wasan, ta tashi ta karɓi kwano ta gyara. Yanzu har garin Sabuwa ake kiranmu. Wata ta kalla, washegari ta mayar da mayafin da ta "ara" tun bara. Alhamdu lillahi.

'Yanmata, ku ji daga bakin wadda ta ɗanɗana: kafin ku ɗaga murfin da ba naku ba, ku tsaya a wurin mai shi, ko da na numfashi ɗaya ne.

Ranar Asabar na hango Hajiya a bakin zaure, ta kalli wasan har ƙarshe, ta tafi. Da safe ina wanke-wanke jikarta ta shigo da gudu, ta ajiye mini mabuɗi a cinya.

"Inna, Hajiya ta ce ki taho, wai jeren Anti, autarta, ba mai yin shi sai ke."