Turken Burtali a Ƙofar Gidanmu

A shekarata ta biyu a kwaleji a Daura aka fara koya mana darasin ƙabilu da adalci a zaman jama'a. Lokacin bakina ya fi kaina sauri. Kullum da safe in hau tsohon babur ɗin yayana daga ƙauyenmu na ƙasar Zango, in isa aji in kame a layin gaba. Da malami ya ambaci danniya, hannuna na sama. 'Yan ajinmu har lauya suke kirana, ni kuma ina ta hura hanci, ban san tsiya suke yi mini ba.

Malamin wani siriri ne mai yawan tari, ba ya son hadda. Rannan ya ce kowa ya koma garinsu ya nemo wani zalunci da ake yi wa wata ƙabila ko masu wata sana'a, ya gani da idonsa, ya rubuto. Wanda ya fi kyau, in ji shi, zai miƙa wa kwamitin sulhun manoma da makiyaya, don yana da aboki a ciki.

Ban sha wuyar zaɓi ba. A bayan garinmu akwai rugar wani tsohon Bafulatani, aminin babana, da muke kira Baffa. Duk kaka in an kwashe amfani, a gonarmu shanunsa ke kwana su zuba taki, babana ya ba shi damman gero. Damuwarsa kowa ya san ta: burtalin da shanu ke bi zuwa tafki ya tsuke. Da damina ba sa wucewa sai sun taɓa shukar wani, in sun taɓa kuwa sai ƙara gaban mai gari. Ya fara cewa in abin bai gyaru ba, tashi zai yi.

Na same shi da littafina da biro. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, burtali ba a zaune ake ba da labarinsa ba. Tashi mu taka."

Muka taka. Yana gaba da sandarsa, yana nuna mini turakun siminti masu jan fenti a ka, waɗanda hukuma ta kafa tun yana saurayi don a san iyakar hanyar shanu. Wasu sun karkace, wasu ciyawa ta rufe, amma suna nan. Ina ta rubutu ina tsaki, ina zagin manoma a zuciyata kamar ba gero ya raine ni ba. Sai muka iso inda hanyar ta fi matsewa, inda shanu biyu ba za su jera ba. Ya tsaya ya doka sanda a cikin kunyar gyaɗa, ya ce, "A da akwai turke ɗaya a nan." Ya wuce. Gyaɗar tamu ce. Ni na shuka ta da hannuna.

Da na koma gida na tarar da babana yana alwalar magariba a ƙofar gida, a kan abin da tun ina yaro muke kira dutsen alwala. Wani dogon siminti ne a kwance, gefensa ya yi sulɓi saboda zama. Da ya tashi na durƙusa na leƙa ƙarshensa da ke jikin bango. Jan fentin ya kusa gogewa, amma bai goge ba.

Bayan salla na ce, "Baba, dutsen nan daga ina?"

Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce, "Ka riga ka sani. Shekarar da aka haife ka gonar ta kasa ciyar da mu, na ƙara kunya shida. Ba ni na fara ba, ba ni na ƙare ba. Gyaɗar gefen nan ita ta kai ka Daura." Ya ɗauki butarsa. "Rubuta abin da ka ga dama. Amma ka sani takardar nan har gaban mai gari za ta zo, a kira ni a tsakiyar mutane."

Kwana huɗu ina fama da takardar. Abin da na miƙa ya fito tsaf. Na kawo tarihin burtali, na kawo yawan haihuwa da ƙarancin ƙasa, na zuba manyan kalmomin da na haddace. Inda ya kamata in faɗi wuri, sai na rubuta "wasu manoma a wasu yankuna". Malam ya karanta a gaban aji, aka tafa mini, ni na zo na ɗaya. Da aka watse ya tsayar da ni ya ce, "Waɗanne manoma? A ina?" Na ce mutane sun ƙi yarda a ambace su. Ya dube ni ya yi tarinsa, ya ce kwamiti ba ya zuwa awon gona a wasu yankuna. Kunya ta kama ni, amma ban gyara ba.

Da damina ta sake kamawa, Baffa ya zo sallama. Zai tsallaka Nijar wajen ɗiyarsa, shanun sun riga sun yi gaba. La'asar ta yi yana gidanmu, babana ya miƙa masa buta. Ya zauna a kan dutsen alwala kamar yadda ya saba, ya wanke hannu da fuska. Kafin ya tashi sai ya sa babban yatsa ya shafa ƙarshen da ke jikin bango, daidai wurin fentin, ba tare da ya duba ba. Hannunsa ya san wurin.

A nan na gane. Ashe shekara da shekaru yana alwala a kan iyakarsa, ya sani, nauyin amini ya hana shi faɗa. Ba don in gano wani abu ya kai ni kunyar gyaɗar nan ba. So ya yi ɗan boko ya faɗi abin da bakinsa ba zai iya ba.

Na raka shi har bakin gari ina riƙe da 'yar jakarsa. Ya ce, "Ɗana, na ji an ce takardarka ta fi ta kowa."

Na ce, "Haka aka ce, Baffa."

Ya ce, "Madalla. Allah ya ƙara basira." Ya karɓi jakarsa ya tafi.

Yau ni ke koyar da irin wannan darasi a makarantar sakandare, kuma yara suna cewa na iya bayani. Baffa ya rasu a can, labari kawai muka ji. Babana ma ya rasu, gonar ta faɗo a rabona har da kunya shidan. Turken yana nan a ƙofar gida. Mutum biyu za su iya ɗaga shi, kuma daga gidanmu zuwa gonar ba nisa. Bana ma gyaɗa na shuka.